Matsafin Harba-ka-Ruga

A tsohuwar dokar wasan Dungeons & Dragons, sabon matsafi sihiri ɗaya tak yake da shi a yini. In ya sake shi da hantsi, ya tashi daga aiki ke nan sai gobe. Ba ya sa sulke, ba ya riƙe garkuwa, makaminsa wuƙa ce kawai. Makin ransa kuwa, ƙwaya mai fuska huɗu ake jefawa a gani, don haka kibiya guda tana iya gamawa da shi tun bai ga komai a duniya ba. Wannan bawan Allah na zaɓa ya zama ɗan wasana a ƙarshen shekarun 1980, lokacin ina ɗalibi a wani gari da ke arewacin Ingila, kuma har yau babu wasan da ya zauna mini a rai kamar wanda na yi da shi.

Ga wanda bai taɓa ganin ana yi ba, abin ba shi da wani kayan aiki na a zo a gani. Mutum huɗu ko biyar ne za su kewaye tebur, kowa da takarda da fensir. Ɗaya shi ne jagora, taswira tana ɓoye a gabansa, shi ke faɗin abin da ake gani da abin da ake ji, shi ne bakin kowane dodo da kowane mai gadin ƙofa. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda ya zama shi: mayaƙi, ɓarawo, mai warkarwa, matsafi. Kai dai ka faɗi abin da kake son yi, a jefa ƙwaya, lamba ta yanke hukunci. Ƙwayar ludo mai fuska shida tana ciki, ga kuma mai huɗu, mai takwas, mai goma sha biyu, har da mai ashirin. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da wasan a 1974, ta hannun kamfanin TSR da ke Lake Geneva a jihar Wisconsin ta Amurka. Mu da jan akwatin nan na 1983, wanda Frank Mentzer ya tsara, muka fara.

Sihirin da ake magana a kai lissafi ne a takarda. Ba a karanta komai, ba a ƙona komai. Duk da haka a Amurka an yi ta ce-ce-ku-ce a kan wasan a waɗannan shekaru, har kamfanin ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989 don a zauna lafiya. Ni da na tashi da Gandoki da Ruwan Bagaja da Dare Dubu da Ɗaya, ban sha wahalar gane cewa tatsuniya ce ake yi da baki biyar ba, kowa yana saka nasa zaren.

Jagoranmu wani ɗan Sikotlan ne mai karatun injiniya, mutum mai son doka kamar ransa. Mayaƙinmu ɗan Gana ne, ɓarauniyarmu wata Baturiya ce mai karatun tarihi, mai warkarwa kuma ɗan Maleshiya da ke karatun likita. A hunturun can rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu na yamma, sanyi ya hana kowa yawo. Nakan yi isha'i a lungun ɗaki, a ɗora shayi, a ture littattafan karatu gefe, mu shiga kogo.

Dokar sihiri ɗaya a yini tana da asali. Gygax ya aro ta ne daga marubuci Jack Vance, wanda ya wallafa The Dying Earth a 1950. A cikin labaran Vance, matsafi yakan cusa 'yan surkulle kaɗan a kansa da ƙyar, kuma da zarar ya furta ɗaya sai ya goge daga ƙwaƙwalwarsa, sai ya koma kundi ya sake hardacewa. Gygax ya fito ne daga masu wasan yaƙi da 'yan sojojin dalma a kan tebur, kuma a wasansa na Chainmail na 1971 matsafi aikin igwa yake yi a fagen daga. Wanda ya saba tsara yaƙi ya san ba a barin igwa ta yi ta aman wuta ba iyaka, in ba haka ba babu amfanin dakaru. Dabarar Vance ta ba shi ƙaidin da yake nema, kuma ta zo da labarinta.

Ni na raɗa wa matsafina suna harba-ka-ruga, na kuma sha fama kafin abokaina su gane irin bindigar da nake nufi: ta maharban ƙauye, wadda ake ɗura wa albarushi, a harba sau ɗaya, in an kuskure sai ƙafa. Mai irin wannan bindiga ba ya harbin kowace inuwa. Yana laɓe, yana auna, yana tambayar kansa ko naman da ya fi wannan yana tafe a baya. Haka na rayu a wannan tebur.

Aikin yana farawa tun da safiyar labari, kafin a taka ƙofar kogo, don ba a fafe gora ranar tafiya. Jagora zai dube ni ya ce me na hardace yau. Akwai kibiyar sihiri wadda ba ta kuskure, amma ɓarnarta ba ta wuce ƙwaya mai fuska shida a ƙara ɗaya ba. Akwai na haske, akwai na mallake zuciyar mutum guda, akwai na ƙulle ƙofa. Sarkinsu duka shi ne sihirin barci, wanda zai kwantar da tarin ƙananan dodanni a take, kuma dokar ba ta ba su damar jefa ƙwayar tsira ba. Kusan kowane sabon matsafi shi yake ɗauka. Daga nan sai a shiga kogo, kuma duk ɗakin da aka buɗe aka ga motsi, sai idanun kowa su juyo kaina da tambaya guda: yanzu ne? In na ce a'a, ɗan Gana ya shiga da takobi ya sha sara a madadina. In na ce e, to duk abin da ke ɗaki na gaba namu ne da hannu. Wannan ɗan shirun da ake yi kafin in amsa, ban same shi a wani wasa ba.

Sauran yinin kuwa ba zaman banza nake yi ba, ko da yake wasu suna ganin haka. Ni ne mai zana taswira, ni ne mai riƙe fitila da kwalaben mai. Dokar ta ba mai kaifin basira damar sanin ƙarin harsuna, don haka ni ake turawa in yi ciniki da dodannin da suka fi ƙarfinmu. Rashin sihiri a hannu shi ya koya mini tambayar jagora ko rufin ɗakin na katako ne, ko akwai ƙura a ƙasa, ko ƙofar ciki take buɗewa ko waje. Wata rana da kundina ya ɗan yi kauri, na bar sihirin barci na hardace na ƙulle ƙofa, saboda mun ji labarin cewa matattu ne masu tafiya a wannan kogon, su kuwa barci ba ya kama su. Tebur ya ɗauki gunaguni. Can da dare ya yi nisa sai ga mu muna gudu, mai warkarwa yana jan ɗan Gana a ƙasa, muka faɗa wani ɗaki, na ƙulle ƙofa a fuskar masu binmu, ɓarauniya ta samu sararin lalubo wata ɓoyayyiyar hanya a bango. Mun fita ba ko tsabar zinariya ɗaya, amma mun yi makonni muna maganar.

Masu dokar sun ɗora wa matsafi wani nauyin kuma. Kafin ya hau mataki na biyu sai ya tara maki 2,500, alhali mayaƙi 2,000 yake nema, mai warkarwa 1,500, ɓarawo 1,200. Yarjejeniyar a fili take: ka sha wuya a farko, ka yi mulki a ƙarshe. Wanda ya jure har ya tara maki 20,000 ya hau mataki na biyar, nan zai samu ƙwallon wuta, ya jefa ƙwayoyi biyar a lokaci guda a kan duk wanda ke fili. Yawancin matsafa ba sa kaiwa can. Wanda ya kai kuwa, kowa a teburin ya san da jinin wa aka raine shi.

Da muka koma manyan littattafan Advanced Dungeons & Dragons, sai muka tarar ƙaidin ba a yawan sihiri kaɗai yake ba. Sihirce-sihirce da yawa suna bukatar kayan haɗi. Ƙwallon wuta sai da kashin jemage da farar wuta, kuma jagoranmu ba ya yafewa in ba ka rubuta su a jakarka ba. In aka buge ka kana tsakiyar surkulle, sihirin ya tashi a banza, ya kuma goge daga kanka. Hardar kanta tana cin lokaci, minti goma sha biyar ga kowane mataki na sihirin, don haka babban matsafin da ya zazzage kansa kaf yana bukatar sa'o'i masu yawa da kundi a buɗe. Ƙwallon wuta a ƙuntataccen lungu yakan cika wurin ya dawo kan mai shi. Sihirin da ke ninka saurin mutum yakan ƙara masa shekara guda ta tsufa. Kowane abu da farashinsa, kuma farashin a cikin labarin ake biyansa, kowa yana kallo.

Amma ginshiƙin da duk wannan ya tsaya a kai shi ne agogo. A tsohuwar dokar ana ƙirga tafiyar kogo da zango-zango na minti goma. Wutar itace tana ci zango shida ta mutu. Duk bayan zango biyu jagora yana jefa ƙwaya mai fuska shida, in ɗaya ta fito to wani dodo mai yawo ya ci karo da ku. Saboda haka kwana a cikin kogo don matsafi ya sake harda ba kyauta ba ne: mai yana ƙarewa, guzuri yana raguwa, kuma abin da ke yawo a duhu bai yi alkawarin jira ba. Gygax da kansa ya nanata muhimmancin riƙe lissafin lokaci a littafin jagora na 1979. Duk teburin da ya yi sakaci da wannan, sai ya faɗa abin da 'yan wasa suke kira yinin minti goma sha biyar: a shiga ɗaki ɗaya, matsafi ya juye duk abin da ke kansa, a koma a kwanta, a wayi gari a maimaita. Iyakar tana nan a rubuce, amma ta daina cizo.

Mu ma mun ɗanɗana ɗaya gefen matsalar da matsafina ya girma. Ƙarfin mayaƙi ƙari yake yi, na matsafi kuwa ninki, domin kowane mataki yana kawo masa ƙarin sihiri, sababbi mafiya ƙarfi, kuma wasu tsofaffin su ma suna ƙara kaifi. Na iya tashi sama, na iya ɓacewa, na iya buɗe kowane kwado da kalma guda. Wani dare muka iso wata ƙofar ƙarfe, ɓarauniya tana zaro kayan aikinta, ni kuma na riga na buɗe. Ta ajiye fensir ta ce wa jagora, “To ni me aka kawo ni yi?” Ɗan Gana bai ce komai ba, amma na lura ya fara zuwa da littafin karatunsa teburin. A nan na gane abin da iyakar take karewa. Dodanni ba su da asara in matsafi ya yi ƙarfi, jagora zai ƙirƙiro waɗanda suka fi su. Masu asarar su ne mutanen da suka bar ɗuminsu suka tako cikin sanyi don su ma a yi da su.

Ɗan Sikotlan bai rage mini sihiri ko ɗaya ba. Abin da ya yi shi ne ya matse lokaci. Fursunan da muka je ceto za a tafi da shi kafin asuba. Jirgin ruwan da zai kwashe mu zai tashi in ruwa ya cika, ko muna ciki ko ba ma ciki. Gidan da muka shiga kwaduna bakwai ne a jere, ni kuwa na hardace na buɗewa guda ɗaya. Nan da nan na koma rowa da abin da ke kaina, ɓarauniya ta koma gaba, littafin ɗan Gana ya koma jaka.

Bayan na dawo gida na ci gaba da bibiyar wasan daga nesa, musamman da intanet ta samu. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, ya fitar da bugu na uku a 2000. Wannan bugu ya sassauta tsofaffin ƙaidodi da dama. Kowa ya koma hawa mataki da maki iri ɗaya, matsafin da aka buga yana iya jefa ƙwaya ya riƙe sihirinsa, aka kuma kawo wani sabon nau'in matsafi da ba ya harda da safe. Ƙorafin cewa masu sihiri sun danne kowa ya yi yawa a zamaninsa. Bugu na huɗu na 2008 ya ɗauki hanya mai tsauri: mayaƙi da matsafi duka aka ba su fasahohi kashi-kashi, wasu a kowane lokaci, wasu sau ɗaya a faɗa, wasu sau ɗaya a yini. Ma'aunin ya daidaita, sai dai mutane da yawa suka ce kowa ya koma kama da kowa, kuma da yawansu suka bi Pathfinder da kamfanin Paizo ya fitar a 2009. Bugu na biyar na 2014 ya nemi tsakiya. Sabon matsafi yana farawa da gurbin sihiri biyu, da ƙananan siddabaru uku da ba sa ƙarewa, makin ransa kuma ya koma kan ƙwaya mai fuska shida. Aka kafa dokar tattara hankali, wadda ta hana shi riƙe manyan sihirce-sihirce masu ɗorewa fiye da ɗaya a lokaci guda. Hutu ya kasu biyu, gajere na sa'a ɗaya da dogo na sa'a takwas.

Wasu wasannin sun bi wasu hanyoyin daban. Tunnels & Trolls na Ken St. Andre, wanda ya fito a 1975, a bugunsa na farko ƙarfin jikin matsafi yake zuƙa duk sihirin da ya yi. A Call of Cthulhu na 1981 da hankalinka kake biya, kana yi kana matsawa kusa da hauka. A duniyar Dark Sun ta 1991 akwai matsafan da ke tsotse ran tsirrai su bar ƙasa toka, shi ya sa jama'a suke farautarsu. Ars Magica na 1987 ya ce ba ruwansa da daidaito, matsafi ya fi kowa, amma 'yan wasa su riƙa karɓa-karɓa, yau kai ne matsafi, gobe kai ne mai ɗaukar masa kaya. Hanyoyin sun bambanta, tambayar dai ɗaya ce: me mutum zai rasa in ya yi, kuma wa zai samu wuri in bai yi ba.

Ba zan ce da tsohuwar zuma kaɗai ake magani ba. Sabuwar dokar ta fi tausayin baƙo. Ba kowa ne zai yarda ya zauna sa'a huɗu yana riƙe da fitila don jiran harbi ɗaya ba, kuma na ga waɗanda matsafinsu ya mutu a ɗakin farko ba su sake dawowa ba. Amma littafin jagora na 2014 ya gina lissafinsa ne a kan faɗa shida zuwa takwas a yinin labari. Teburin da ke yin faɗa ɗaya ko biyu sannan a kwanta ya mayar da mu yinin minti goma sha biyar, ko da wane bugu ake wasa. Masu littafin sun san da haka, shi ya sa suka ajiye wata dokar zaɓi da ta mayar da gajeren hutu dare guda, dogon kuma kwana bakwai. Abin da nake kewa a tsohon wasan shi ne nauyin shawara. Wanda ke da siddabarun da ba ya ƙarewa yana da abin yi a kowane zagaye, amma ba ya yawan tambayar jagora ko rufin ɗakin na katako ne.

A wani dogon hutu da ya wuce, 'ya'yan ƙanena suka sauko da dokokin kyauta da kamfanin ya saka a intanet, suka ce in jagorance su. Babbarsu ta ɗauki matsafiya, ta ƙone gurabenta biyu a kan wasu kyarketai tun a bakin daji, sannan ta ce, “Baffa, mu kwana a nan in huta.” Na ce ba laifi, sai dai 'yan fashin da suka sace ɗan maigari suna tafe da dawaki, kuma in suka haye kogi an rasa sawunsu. Suka yi ta musu a junansu har shayina ya huce, ƙarshe suka zaɓi bin sawu. Autansu, wanda tun da aka fara bai buɗe baki ba, shi ne mai ɓarawo, kuma shi ya lallaɓa cikin dare ya kwance dawakin. Ita kuwa ta koma tambayata yadda sansanin yake, ina wuta, ina itatuwa, iska daga ina take kaɗawa.

Da aka tashi ta ce dokar hutun nan zalunci ce, a mako mai zuwa ita za ta yi jagora ta soke ta. Na ce ta soke, tebur nata ne. Sharaɗina ɗaya: in an gama wasa ta dubi 'yan'uwanta ɗaya bayan ɗaya, ta faɗa mini abin da kowannensu ya yi a daren wanda ba don shi ba da ba a yi shi ba. In ta samu amsa ga kowa, dokarta ta yi daidai, ko sihiri nawa ta raba.